Idan an gina matatar ruwan ƙazanta a Kano, kogin Jakara zai farfaɗo?

Malamin Minjibir ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harkar ruwa da muhalli a kan wata tambaya game da kogin Jakara. Kamar yadda aka sani, wannan kogi yana tasowa ne daga cikin birnin Kano, ya bi ta gefen kasuwar Kurmi da Fagge yana kwasar ruwan kwatocin gidaje da na kasuwanni da na mayanka, sannan rafin Getsi da ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai ya tarar da shi a hanya, su gangara tare har madatsar ruwa ta Wasai da ke yankinmu. A wannan madatsa masunta ke kamun kifi, a bakinta da bakin kogin manoma ke noman rani, makiyaya kuma suna shayar da dabbobinsu.

Duk lokacin da aka tayar da maganar gurɓacewar wannan ruwa, amsar da ake bayarwa ita ce a gina babbar matata wadda za ta tace ruwan ƙazantar birni kafin a sake shi. Amma na ji wani yana cewa ko ruwan da ya fito daga matata yana iya yi wa kogi illa, har ya cika tafki da ciyawa ya kori kifi. Wannan magana ta ɗaure mini kai, domin ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma abin da nake faɗa wa ɗalibaina shi ne tacewa ita ce maganin matsalar. Ina so in san abin da matata take cirewa da abin da take bari. Idan kuma aka wayi gari an gina ta tana aiki yadda ya kamata, shin kifayen da dattawa ke cewa sun yi ƙaranci za su dawo, ko kuwa kogin ya riga ya wuce gyara?

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya, kai ma abin da kake koyarwa gaskiya ne, sai dai akwai sharaɗin da ba a cika ambata ba, wato yawan ruwan da ke cikin kogin da za a zuba wa ruwan matatar.

Abin da ke fara kashe kogi a cikin ruwan ƙazantar gari shi ne abubuwan da ke ruɓewa, kamar bahaya da ragowar abinci da jini. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin kogin suna cin waɗannan abubuwa, kuma yayin da suke ci suna shanye iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa, wadda ita ce kifi ke shaƙa. Saboda haka muke auna ƙarfin ƙazanta da adadin oksijin da ƙwayoyin za su shanye a cikin kwana 5. Ɗanyen ruwan ƙazantar gari yakan buƙaci miligiram 200 zuwa 300 a kowace lita, alhali ruwan kogi mai tsafta a yanayi irin namu bai cika riƙe fiye da miligiram 8 a lita ba, kuma yana raguwa idan ruwan ya ƙara ɗumi. Idan ka yi lissafi za ka ga lita guda ta ɗanyen ruwan ƙazanta ta isa ta ƙwace iskar da ke cikin lita 25 ko fiye na ruwa mai kyau. Da zarar iskar ta ƙare, sai wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatarta su karɓi aikin, kuma su ne ke mayar da ruwa baƙi su fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai da duk mai bin bakin Jakara da rani ya sani.

Aikin matata shi ne ta sa wannan ruɓewa ta faru a cikin tankunanta maimakon cikin kogi. Da farko ruwa yana ratsa raga domin a tare leda da tsummoki, sannan a rage masa gudu yashi ya kwanta. Daga nan ya shiga manyan tankuna ya ɗan tsaya na wasu sa'o'i, daskararrun abubuwa su nutse, wanda hakan kan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙazantar. Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin, inda ake tara ƙwayoyin bakteriya da gangan a cikin wata laka, a riƙa hura musu iska da injina dare da rana har su cinye abin da ya narke a ruwan. A birnin Manchesta na Ingila aka fito da wannan dabara a 1914, kuma irinta ce matatar Wupa da ke Abuja take amfani da ita. Idan komai ya tafi daidai, ruwan zai fito garai-garai, buƙatarsa ta oksijin ta sauko zuwa miligiram 20 ko ƙasa da haka.

To a nan ne maganar take. Miligiram 20 ɗin nan ya fi ninki biyu na iskar da ruwan kogi ke riƙewa. Ma'aunin ya samo asali ne daga wata hukumar bincike ta gwamnatin Birtaniya a 1912, kuma hukumar ta gina shi a kan cewa kogin da za a zuba wa ruwan yana ɗauke da ruwa mai tsafta wanda ya ninka na matatar aƙalla sau 8. Cokalin gishirin da ya yi wa tukunyar miya daidai, idan aka juye shi a cikin ludayi guda ba zai ciwu ba. Kogunan Ingila suna gudana duk shekara, amma Jakara kogin damina ne. Daga lokacin da ruwan sama ya ɗauke har zuwa faɗuwar wata daminar, kusan duk abin da ke gudana a cikinsa ruwan da birni ya yi amfani da shi ne, babu wani ruwa mai tsafta da zai sirka shi. Don haka ingancin kogin da rani zai zama daidai da ingancin abin da matatar ta fitar. Duk mai zana matata domin Jakara ya kamata ya yi lissafinsa da watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura ruwa kuma ya ja baya, kada ya yi shi da watan Agusta.

Abin da matakai biyun nan suke bari kuwa ba kaɗan ba ne. Mafi yawan sinadaran naitirojin da fosforas suna wucewa, sai idan an ƙara mataki na uku na musamman. Gishiri yana wucewa gaba ɗaya. Wani kaso na ƙwayoyin cuta yana tsira, idan kuma aka sa kulorin domin kashe su ba a cire ragowarsa ba, shi kansa guba ne ga kifi. Akwai kuma ragowar magunguna da ke fita ta fitsarin mutane, waɗanda ƙasar Suwizalan ta yi dokar da ta fara aiki a 2016 cewa a ƙara wa manyan matatunta na'urorin cire su. Wannan na ƙarshe ba shi ne matsalarmu ta gaggawa ba, na ambace shi ne domin ka ga cewa tacewa mataki-mataki ce, kuma kowane mataki da kuɗinsa.

Mai Nazarin Kifi ta amsa:

Injiniya ya yi bayanin matata, ni kuma zan ɗora daga ɓangaren halittun ruwa, domin a nan ne rabin tambayar Malam ta biyu take.

Kifaye ba su da juriya iri ɗaya. Yawancinsu suna son oksijin ya kai miligiram 5 a lita, idan ya faɗi ƙasa da 2 kuwa sai mutuwa ko ƙaura. Tarwaɗa da gaiwa suna iya leƙo kai su shaƙi iskar sama, karfasa ma tana da juriya sosai, amma giwan ruwa da tsage sai ruwa mai wadatar iska. Shi ya sa ganin masunta suna fito da tarwaɗa daga wani ruwa ba ya nuna cewa ruwan yana da lafiya. Gurɓataccen ruwa yakan cika da nau'i biyu ko uku masu taurin rai, sauran kuma su ɓace ba tare da an ga gawarsu ba, domin ƙwai da 'ya'yan kifi ne ke fara mutuwa, sannan ƙananan ƙwarin ƙasan kogi da suke ci su ma su ƙare. Ga kuma amoniya, wadda dafinta ke ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, tana lalata hanyar numfashin kifi ko da akwai iska a ruwan.

Abin da ya fi damuna game da Wasai shi ne takin da Injiniya ya ce yana wucewa. Naitirojin da fosforas su ne dai abin da manomi ke saye a buhu ya zuba a gona, kuma aikin da suke yi a gona shi suke yi a ruwa. A kogi mai gudu illarsu kan ragu, amma idan suka iso madatsa ruwa ya tsaya, ga rana mai ƙarfi, sai gansakuka ta mayar da ruwan kore, kainuwa ta rufe samansa, kacalla ta mamaye gefe. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin har ya yi yawa, da dare kuwa ita da komai suna shaƙa ne kawai, saboda haka iska takan kai ƙarshen raguwarta da asuba, kuma da sassafe ne aka fi ganin kifi ya taso sama yana haki. Idan gansakukar ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta sake cinye iska, sai ka ga ƙazantar da aka kashe kuɗi aka cire a matata ta sake haihuwar kanta a cikin tafki.

Wannan ya faru a zahiri a tafkin Washinton da ke gefen birnin Siyatil na Amurka. Ruwan da ke shiga cikinsa a shekarun 1950 ruwa ne da matatu suka tace har mataki na biyu, amma duk da haka tafkin ya turɓune da gansakuka saboda fosforas. An karkatar da ruwan matatun daga tafkin tsakanin 1963 da 1968, kuma cikin 'yan shekaru ruwan ya washe. Kogin Tems na Landan ma an ayyana wani sashensa a matsayin matacce a 1957, aka inganta manyan matatun birnin a shekarun da suka biyo baya, zuwa 1974 aka sake ganin kifin salmon a cikinsa, yanzu kuma ana ƙirga fiye da nau'in kifi 100.

Saboda haka, Malam, ban yarda cewa Jakara ya wuce gyara ba. Kogi yana saurin farfaɗowa fiye da yadda mutane ke zato, kuma ambaliyar damina tana taimakawa wajen wanke shi. Madatsar ce za ta ɗauki lokaci. An gina ta tun shekarun 1970, kuma abin da ya kwanta a ƙasanta tun daga lokacin yana nan a cikin laka. Tafki marar zurfi yakan ci gaba da sako fosforas daga lakarsa shekaru bayan an tsaftace ruwan da ke shigowa, musamman idan iska tana kaɗa shi. Ya kamata a faɗa wa masunta wannan tun farko, kada a yi musu alkawarin shekara guda.

Tsohon Ma'aikacin Majema ya amsa:

Ina gaishe ku duka. Na yi shekaru ina aiki a ɓangaren jimar fata, kuma ina ganin akwai abubuwa biyu da za su iya lalata duk wannan shiri idan ba a fara da su ba.

Na farko, ruwan masana'anta dabam yake da na gidaje, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne. Jima ta zamani tana amfani da gishiri mai yawa, da farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen cire gashi, da kuromiyom wajen jimar kanta. Babu ƙwayar bakteriyar da za ta cinye kuromiyom, domin ƙarfe ne. Idan ya shiga matatar gari da yawa sai ya raunana ƙwayoyin da ake kiwo a tankuna, abin da ya rage kuma ya taru a cikin lakar matatar, ta yadda lakar da ya kamata a busar a bai wa manoma taki ta zama abin da ba a san inda za a kai shi ba. Maganin yana cikin harabar kamfani: a ware ruwan jima shi kaɗai, a sa masa sinadarin da zai sa kuromiyom ya kwanta, a kwashe shi a sake jima da shi. Wannan dabara sananniya ce, kuma tana rage wa mai kamfani kuɗin sayen sinadari. Doka ma akwai ta, domin an kafa hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, a 2007, kuma ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da majemu sun fito a 2009. Abin da ake buƙata shi ne awo a bakin bututun kowane kamfani a kai a kai, har da dare. Maganar ba ta tsaya ga Bompai da Getsi ba, domin ruwan masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja.

Na biyu, ina tambayar Injiniya ta wace hanya ƙazantar za ta isa matatar. Abuja an shimfiɗa mata bututun ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa tun wajen tsara ta. Mafi yawan gidajen Kano kuwa shadda suke da ita ko sokawe, ruwan wanka da wanke-wanke kuma ya bi kwata. Idan sokawe ya cika mota ake kira ta zuƙe, kuma inda motar ta juye kayanta shi ne matsalar, domin abin da ke cikinta ya fi ruwan kwata kauri nesa ba kusa ba.

Malamin Gona ya amsa:

Ina da ɗan saɓani da yadda ake kallon lamarin, kamar kogi ne kaɗai mai haƙƙi a wannan ruwa. Iyalai masu yawa suna cin abinci daga lambunan bakin Jakara, kuma latas da kabeji da alayyafo da karas da suke nomawa su ake ci a cikin birni. Manomin nan ya san ruwan ba shi da tsafta, shi ne ma yake fara kwasar ƙaiƙayin ƙafa da tsutsar ciki, amma ruwa ne da ba ya yankewa da rani, kuma yana zuwa da takinsa. Duk shirin da zai ɗauke masa ruwan ya kai wani wuri, ko ya hana shi noma da sunan tsafta, ba zai samu haɗin kansa ba.

A ganina manomin nan yana cikin maganin. Abin da Malama ta ce yana kashe tafki shi ne abin da gona ke nema. Idan aka cire ƙwayoyin cuta aka hana ƙarafan masana'antu shigowa, sannan aka bi da ruwan ta cikin gonaki kafin ragowarsa ya koma kogi, amfanin gona zai sha wani kaso na naitirojin da fosforas ɗin, a rage abin da ke isa Wasai ba tare da sayen injina masu tsada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 1989 cewa ruwan ban-ruwan ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsar ciki 1 a lita, sannan a 2006 ta faɗaɗa shawarar ta haɗa da matakan da za a ɗauka daga gona har kicin, irin su bi da ruwa ta kwari maimakon watsa shi a kan ganye, da tsayar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin girbi, da wanke ganye da kyau. An gwada irin waɗannan matakai da manoman lambu a Kumasi da Akara da Tamale a Gana, inda yanayin noman ya yi kama da namu.

Malamin Minjibir ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya, ina roƙon ka amsa tambayar da dattijonmu ya yi maka game da rashin bututu, sannan ka faɗa mana wace irin matata ce ta dace da mu, tunda wadda ka bayyana tana buƙatar lantarki dare da rana. Ina kuma so in san abin da zan iya nuna wa ɗalibai a bakin kogi ba tare da kayan awo masu tsada ba.

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Tambayar Baba tana kan hanya, kuma ba sai an jira an shimfiɗa bututu a kowane lungu ba. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a tare ruwan rani a bakin manyan magudanai, a bi da shi ta babban bututu guda zuwa wurin tacewa, a bar ambaliyar damina ta tsallake ta wuce. Motocin zuƙe sokawe kuma a ware musu wurare na musamman kusa da gari, masu filayen shanya laka, domin direba ba zai yi tafiya mai nisa da man da ya saya da tsada ba idan akwai kwalbati a kusa.

Game da nau'in matata, ni ina goyon bayan jerin tafkunan tacewa. Ruwa yana fara shiga tafki mai zurfi inda kauri ke kwantawa, ya wuce zuwa mai faɗi marar zurfi inda gansakuka ke samar wa bakteriya iska da ƙarfin rana, sannan ya ratsa wasu tafkunan inda rana da daɗewa ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa kuma ya nutse. Tafiyar kan ɗauki kimanin mako uku zuwa huɗu, zafinmu yana ƙara mata sauri, kuma ɗaukewar wuta ba ta tsayar da ita. Birnin Nairobi yana tace kaso mai yawa na ruwan ƙazantarsa da irin wannan tsari a Dandora. Aibinsa shi ne cin fili, da buƙatar yashe laka lokaci-lokaci, da kuma cewa ruwan yana fitowa da gansakuka a cikinsa, wadda nauyi ce ga kogi amma taki ce ga gona. Wannan ya sa shawarar Malamin Gona ta dace da shi sosai. Filin ne ya kamata a kama tun yanzu, domin gine-gine suna cin gefen birni ta kowace fuska.

Ɗalibanka kuwa za su iya karanta lafiyar ruwa daga abin da ke zaune a ƙasansa. Ku zaɓi wurare uku, ɗaya kusa da gari, ɗaya bayan haɗuwar Getsi, ɗaya kusa da madatsa, ku ɗebi laka da ƙaramin rariya ku zuba a farin faranti. Inda kuka ga jajayen tsutsotsi ƙanana sun yi yawa babu wani abu tare da su, iska ta yi ƙaranci a wurin, domin jan da ke jikinsu sinadari ne irin na jini da ke taimaka musu rayuwa a ruwa marar iska. Inda kuka fara ganin ƙwari iri-iri da katantanwa da ƙananan kifaye, ruwan ya soma murmurewa. Ku yi hakan sau ɗaya a ƙarshen rani, sau ɗaya bayan damina, a wurare iri ɗaya, ku rubuta launin ruwa da warinsa da lokacin da kuka je. Kowane yaro ya sa safar hannu da takalmin roba, kada mai rauni a jiki ya taɓa ruwan, kuma a tanadi sabulu da ruwa mai tsafta na wanke hannu kafin a bar wurin.